Tambayoyinku: Kalkuleta, Manhaja da Lissafin Mahaɗar Fil

Tambaya: Malam, zan fara darasin lissafin firam, wato lissafin ƙarfin da ƙwarangwal ɗin gini ke ɗauka. Kalkuletar Casio fx-991ES Plus zan saya ko fx-991EX?

Duk wadda aljihunka ya ɗauka. Bambancin da zai shafe ka ɗaya ne: ES Plus tana warware lissafi mai abubuwa 3 da ba a sani ba a lokaci guda, EX kuwa har 4. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne jabu, don sun cika kasuwa. Ka juya kalkuletar a haske ka duba allon; na jabu yakan dushe idan ka karkata shi, maɓallan suna rawa, rubutun jikinsu kuma yana gogewa da wuri. Idan mai sayarwa ya hana ka gwadawa, bar masa kayansa.

Tambaya: Duk sanda na lissafa ƙarfin tokara a mahaɗar fil (inda ƙusa ɗaya ke haɗa gaɓoɓin firam, suna iya juyawa a kanta) sai in samu lamba mai alamar ragi. Jarrabawa ta matso, hankalina ya tashi. Ko in nemi mai koyarwa na kuɗi?

Kwantar da hankalinki, 'yata, ki riƙe kuɗinki. Alamar ragi ba kuskure ba ce. Tana gaya miki ne cewa kibiyar da kika zana ta fuskanci gabas, alhali ƙarfin yamma ya nufa. Ki bar zanen yadda yake, ki ci gaba da aiki da lambar tare da alamarta. Inda ɗalibai ke faɗuwa daban ne: idan kika raba firam gaɓa-gaɓa, ƙarfin da fil ya yi wa gaɓa ta farko, daidai shi yake yi wa ta biyu amma a kishiyar fuska. Haka dokar Newton ta uku ta ce. Ki duba wannan a kowace mahaɗa kafin ki taɓa kalkuleta. Kuma ki fara da neman gaɓar da fil biyu kaɗai ke riƙe da ita, babu lodi a tsakiyarta. Ƙarfinta yana bin layin da ya haɗa filolin, kin ga abubuwa biyu da ba ki sani ba sun koma ɗaya.

Tambaya: An yi mini tayin manhajojin lissafin gini SAP2000 da STAAD.Pro da aka fasa, marasa lasisi, a araha. Na gaji da lissafin hannu. In karɓa?

Kada ka karɓa. Kuma tunda wannan tambayar ta ƙi ƙarewa a akwatina, bari in zauna a kanta.

Na farko, manhajar da aka fasa kayan sata ce, kuma ba ka san abin da aka taɓa a cikinta ba, balle ƙwayar cutar kwamfuta da ake cusawa. Wa za ka kai wa ƙara ranar da ta ba ka lambar banza? Araha ba ta ado. Amma ko ta asali ka saya da lasisinta, damuwata ba ta gushe ba, domin kalmarka ta "na gaji" ce ta fi tsorata ni. Manhaja abin da ka gaya mata take lissafawa. Ka ce mata gindin ginshiƙi kafaffe ne alhali fil ne, ba za ta yi maka musu ba. Za ta fito da tebur mai kyau da launuka, ka buga ka sa hannu.

Fil kamar hinjin ƙofa yake: yana hana tafiya gefe, yana hana tafiya sama ko ƙasa, amma ba ya hana juyawa. Saboda haka ƙarfi biyu yake bayarwa, na kwance da na tsaye, babu ƙarfin juyi. Rola, wato gindi mai gungurawa, ƙarfi ɗaya take bayarwa, kafaffen gindi kuma 3. Ƙa'idojin daidaito kuma 3 ne a zanen da ke kan takarda: jimlar ƙarfin kwance sifiri, ta tsaye sifiri, ta juyi sifiri.

Ɗauki firam mai fil 3, ɗaya a kowane gindi, ɗaya a ƙoli. Faɗinsa mita 10, ƙolin yana tsakiya a tsayin mita 4, an ɗora masa lodin kilonewton 20 (ma'aunin ƙarfi) a can. Abubuwan da ba a sani ba 4, ƙa'idoji 3, sai ɗalibi ya ce ya maƙale. Bai maƙale ba. Kowane gindi yana ɗauke da 10 a tsaye, tunda ɓangarorin daidai suke. Yanzu ware rabin hagu, ka ɗauki juyi a kan fil na ƙoli, inda dole ya zama sifiri: 10 sau 5 daidai yake da ƙarfin kwance sau 4. Ka samu 12.5. Haɗa su, fil na gindi yana shan kusan kilonewton 16. Lura cewa turin gefe ya fi na tsaye yawa, kuma shi ne wanda mai gaggawa ke mantawa idan ya zo tsara harsashi. Wannan aikin bai cika rabin shafi ba. Wanda ba zai iya shi ba, da me zai gane manhaja ta kauce?

A ranar 17 ga Yulin 1981, gadojin tafiya biyu da ke rataye a otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka suka rufto, mutum 114 suka mutu. A zanen farko, rodi ɗaya ne zai sauko daga rufi ya riƙe gadojin biyu. Aka canza zuwa rodi biyu, gadar ƙasa ta koma rataye a jikin bim ɗin ta sama, nauyin da ke kan notin wannan mahaɗa ya ninka sau biyu. Da wani ya ware mahaɗar ya zana kibiyoyinta da fensir, da ya gani. Injiniyoyin da suka amince da zanen sun rasa lasisinsu.

Idan koyo kake yi, akwai Ftool, wadda aka ƙirƙira a jami'ar PUC-Rio ta Brazil don ɗalibai, tana da sigar kyauta kuma ta isa firam irin wanda muka lissafa. Ka yi da hannu tukuna, sannan ka sa ta tabbatar maka.

Tambaya: Wace babbar kwamfuta ce ta fi dacewa da darasin nan?

Babu. Sayi rula, fensir da littafi mai layukan murabba'i, ragowar kuɗin ka ajiye su sai ka kai aji na gaba.