Amsa: Wa zai tsaya wa maraya a kotu?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin tambaya ko ɗan marigayi ƙanenki mai shekara 9 zai iya kai ƙarar baffansa kan gadonsa. Shi da kansa ba zai iya ba, sai babba ya shigar a madadinsa.

Abin da mutane ke yawan mantawa: a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu ke bi, riƙon yaro daban, kula da dukiyarsa daban. Uwa tana da riƙo, amma dukiya sai wasiyyin da uba ya naɗa. In babu wasiyya, alƙali ne zai naɗa amintacce. Zama baffa kaɗai bai isa ba. Ki nemi a naɗa wani, ba wanda ake ƙara ba. In kuɗin lauya ya gagara, ki je ofishin Legal Aid na jiharku, wato hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali kan harkar shari'a.