Na karye, shin ya halatta in fara biyan 'yan'uwana kafin sauran masu bina bashi?

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 nake cin uwar kuɗi. Yanzu ana bina miliyan 20: masu kaya miliyan 15, yayana miliyan 3, aminina miliyan 2. Abin da ya rage mini, kuɗi da kaya, bai wuce miliyan 8 ba. Akwai kuma miliyan ɗaya da mahaifiyata ta ba ni in juya mata. Makon jiya masu kaya suka taru suka same ni a shago, suka ce za su kai ni kotu. Ina son in biya na gida duka kafin a kai ga haka. Wani malami ya ce mini muddin alƙali bai hana ni ba, dukiyata ce, in biya wanda na ga dama. Haka ne?

AMSA: Allah Ya yaye maka, ɗan'uwana. Na san abin da ke hana ka barci: kunyar haɗa ido da yayanka ranar Sallah, da nauyin aminin da ya miƙo maka kuɗi ba takarda ba shaida. Wannan kunyar alamar mutunci ce, kada ka rabu da ita. Amma abin da kake shirin yi bai halatta ba, kuma dalilin yana cikin maganarka, inda ka ce masu kaya sun taru sun same ka.

Malamanmu na Malikiyya sun raba halin wanda bashi ya rufe dukiyarsa. Kafin masu bashi su taso masa yana da ɗan sarari: yana saye da sayarwa, yana iya biyan wani daga cikinsu da wani ɓangare na abin da ke hannunsa. Ko a lokacin, Shehu Halilu ya faɗa a Mukhtasar cewa suna da ikon hana shi yin kyauta, da biyan bashin da lokacinsa bai yi ba, da juye duk abin da ya mallaka ga mutum ɗaya, da yin iƙirarin bashi ga wanda ake tuhumar zai fifita, kamar ɗan'uwa ko amini. Idan kuwa suka taso masa, ɗan sararin nan ma ya rufe, ko da ba a taka ƙofar kotu ba. Kai kana ganin kana da sauran kwanaki, alhali ƙofar ta rufe tun makon jiya.

Yi lissafin da kanka. Miliyan 8 a kan miliyan 20, kowa zai sami kwabo 40 a kowace Naira. Idan ka ba yayanka da amininka miliyan 5 cif, saura miliyan 3 ga masu bin miliyan 15, wato kwabo 20. Miliyan 3 ke nan ka zare daga aljihun waɗansu ka sa a na gida. Zumunci da dukiyar mutane ba zumunci ba ne, kuma a cikin waɗancan akwai wanda shi ma kayan amana ya ba ka, uban gidansa na jiran sa.

Abin da malamin nan ya faɗa maka ba ƙirƙira ya yi ba. Shafi'iyya da mashahurin ra'ayin Hambaliyya suna cewa tasarrufin mai bashi yana zartuwa har sai alƙali ya hana shi, Abu Hanifa ma bai ga a hana baligi mai hankali taɓa dukiyarsa saboda bashi ba, ko da yake manyan almajiransa biyu sun saɓa masa. Sai dai an ba ka rabin magana. Su suna bayani ne a kan ko alƙali zai warware abin da aka riga aka yi. Zartuwar abu a kotu daban, kuɓuta daga zunubi daban, kuma babu ɗaya cikinsu da ya ce mutum ya yi rige-rige da alƙali da niyyar tauye masu haƙƙi. Sannan shi alƙali, yana ƙirƙirar haƙƙi ne ko yana tsare wanda ya tarar? Da haƙƙin masu kaya bai rataya ga dukiyarka ba tun farko, da ba shi da hujjar hana ka. Dubi mai ciwon ajali: ba ya kyautar da fiye da sulusi saboda haƙƙin magada, kuma ba a jiran alƙali kafin wannan hanin ya hau kansa. To, haƙƙin mai bin bashi yana gaba da na magaji. Wannan ne ya sa Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim, duk da Hambalawa ne, suka rinjayar da ra'ayin Maliku. Idan aka ce sai alƙali ya yi magana, an mayar da hukuncin tsere ke nan, mai wayo ya kwashe kafin sammaci ya iso, mai haƙuri ya tashi a tutar babu. Lokacin da Usaifi'u na ƙabilar Juhaina ya karye, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, Sayyidina Umar shela ya yi cewa duk mai binsa ya zo da safe a raba musu dukiyarsa, bai ware dangi gefe ba. Kuma kotunan Shari'a na Kano da fiƙihun Malikiyya suke aiki. Ko a Ingila, dokarsu ta 1986 ta ba kotu ikon dawo da kuɗin da mutum ya fifita dangi da su har shekara biyu kafin a shigar da maganar karyewarsa. Kana iya jawo wa yayanka zuwa gaban alƙali a ce ya mayar da abin da ya riga ya kashe.

Kuɗin Hajiya kuwa dabam ne. Ka ce ta ba ka ka juya mata, wannan ƙiradi ne, wato jarin da ake juyawa a raba riba, ba rance ba. Idan an san kayan da aka saya da su, nata ne, ba sa shiga rabo, da sharaɗin akwai shaida a kan asalin ba ka ɗin. Idan asara ta ci su ba da sakacinka ba, ba ta binka. Kada tausayi ya sa ka mayar da shi rance a baki, kada kuma ka ƙara masa ko sisi. Haka duk dilar atamfa ko shaddar da ka karɓa bashi, tana nan yadda take, mai ita ya fi kowa cancantarta, kamar yadda hadisin Abu Huraira ya nuna.

Yayanka da amininka ba za su tashi hannu rabbana ba. Suna shiga rabo kamar kowa, ko da lokacin nasu bai yi ba, domin hukuncin alƙali yana sa bashin da aka jinkirta ya zama na yanzu. Matsalarsu rashin shaida ce, don haka ka nemo shaidar tura kuɗi ta banki ko wanda ya san da maganar. Abin da ya rage yana wuyanka har Allah Ya hore, kuma wajibi ne a saurara maka. Za a bar maka abincinka da na iyali da suturarku. Zakka ma ta halatta gare ka, kada girman kai ya hana ka karɓa.

Ina ja maka kunne a kan abin da ba ka tambaya ba. Kada ka mayar da fili ko mota sunan uwargida. Kada ka ci sabon bashi don toshe tsoho. Kada ka kashe waya ka ɓace. Je ka sami yayanka yau da dare ka faɗa masa komai da bakinka, kafin ya ji a kasuwa. Gobe ka rubuta sunan kowa da abin da yake bi, ka kira dattawan layinku, ka ajiye littafin a gabansu. Idan masu kaya da kansu suka yarda a fara sallamar amininka, haƙƙinsu ne, sun yafe, ya halatta.

Allah ne Mafi sani.