Ku Tambaya Mu Amsa: Gem, Batir da Yaron da Ya Daina Barci

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan gem da waya suka zo, don haka na zaɓi guda uku da na ga mutane da yawa suna fama da irinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Don Allah shawara nake nema a kan ɗana, shekararsa 13. Tunda babansa ya bar masa tsohuwar wayarsa shi kenan muka daina gane kansa, gem ɗin harbe-harbe na Free Fire dare da rana, sai in farka cikin dare in ga hasken waya a ƙarƙashin bargo, da safe kuma da ƙyar ake tashinsa makaranta. Kwanaki har kuɗi na ga an cire a akawun ɗina wai dayamon, wato kuɗin cikin gem ɗin, ya saya. Wata ƙawata ta ce min ciwo ne har likitoci sun san shi. Da gaske ne? Ko in ƙwace wayar kawai in huta?
Daga Uwar yara uku

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana su baki ɗaya. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, a shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da saka jarabar buga gem cikin kundin cututtukanta, kundin kuma ya fara aiki a watan Janairun 2022. Amma ki kwantar da hankalinki tukuna, don hukumar da kanta ta ce 'yan kaɗan ne daga cikin masu buga gem abin yake kai su wannan matakin. Alamomin da ake dubawa su ne mutum ya kasa riƙe kansa a kan lokacin farawa da dainawa, gem ya danne masa komai na rayuwa, sannan ya ci gaba da bugawa duk da yana ganin ɓarnar da idonsa, kuma yawanci sai abin ya kai wata 12 a haka kafin likita ya kira shi ciwo. Abin da kika bayyana ya fi kama da yaron da aka miƙa wa waya ba tare da an gindaya masa doka ba, kuma wannan yana gyaruwa in sha Allah.

Abin da nake so iyaye su gane shi ne irin waɗannan gem ɗin da gangan aka tsara su don su riƙe mutum. Kullum ka shiga akwai kyautar ranar, in ka yi fashi ta wuce ka, ga matsayi da ake hawa ana sauka, ga abokai suna jiranka a layi suna kira. Ƙwararru ne ake biya albashi su zauna su yi tunanin yadda yaro zai dawo gobe, to yaro ɗan shekara 13 shi kaɗai ina zai iya ja da su? Shi ya sa faɗa da duka ba sa kai mu ko'ina, kuma in kika ƙwace wayar gaba ɗaya ba tare da bayani ba zai koma ta aboki ne, can kuma ba kya gani.

Ga wani abu da yake yawan haddasa rigima a gida wanda iyaye ba su sani ba. Free Fire mutum 50 ake zubawa a fili ɗaya, ana bugawa kai tsaye da mutane na gaske, kuma ba a iya tsayar da shi a tsakiya, zagaye ɗaya kamar minti 10 yake ɗauka. In kika ce masa kashe yanzu-yanzu, a wurinsa kin sa ya watsa wa abokan tawagarsa ƙasa a ido ne, shi ya sa za ki ga ya haɗe rai kamar zai yi kuka. Ki gwada ce masa "wannan zagayen ne na ƙarshe", ki tsaya a kansa har ya gama ki karɓa. Kuma wata rana ki zauna kusa da shi ki ce ya nuna miki yadda ake yi, za ki ji da su wa yake magana a ciki, don akwai hira ta murya da baƙi, ni wannan ma ya fi damuna a kan harbe-harben.

Dokar da ta fi kowacce aiki ita ce waya ba ta kwana a ɗakin yaro. Ku tsayar da lokaci ke da babansa, in ya yi a kawo ta ɗakinku a jona ta a caji. In Android ce ki sauke manhajar Family Link ta Google, in iPhone ce akwai Screen Time a cikin setin, duka biyun za su ba ki damar saka awannin da zai yi a rana da lokacin da wayar za ta kulle kanta da dare. Ƙasar Sin ma a 2021 doka ta kafa, 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kawai aka yarda su buga gem na intanet a ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ban ce ki tsananta har haka ba, amma ki ga dai ba ke kaɗai abin ya dama ba.

Maganar kuɗi kuwa yau ɗin nan ki cire katin bankinki daga wayar, ki saka sai an buga kalmar sirri kafin a sayi komai. Ba ɗanki ne farau ba, a watan Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince zai biya dala miliyan 520 a sasancinsa da hukumar kare masu sayayya ta Amurka, kuma miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutane kuɗinsu ne saboda yadda aka tsara maɓallan gem ɗin mutum ya sayi abu ba da niyya ba. Duk da haka ki zaunar da shi ya san taɓa kuɗin da ba nasa ba laifi ne. Sannan ki riƙa duba lambar shekarun da ake rubutawa a jikin gem, tsarin Turai yana da 3, 7, 12, 16 da 18, misali GTA V na 'yan 18 ne amma sai ki gan shi a hannun ƙananan yara. In kin yi duk wannan na wasu watanni kika ga ya daina cin abinci, ya daina shiga mutane, ko yana tada hankali sosai in an karɓi wayar, to a nan ku ga likita.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Wayata ko shekara biyu ba ta yi ba amma batir ya zama abin tausayi, kuma in ina buga PUBG tana caji sai ta ɗau zafi har gem ɗin ya riƙa sarƙewa. Wasu sun ce barin ta a caji har safe ne ya kashe ta. Sannan fawa bank ɗina an rubuta 20,000 amma sau uku kawai yake cika min waya mai 5,000, an cuce ni ne?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ƙanina, ai ka faɗi mai laifin da bakinka, buga gem waya tana caji. Batir ɗin wayoyin yanzu na litiyom ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma babban abokin gabarsa zafi ne. Caji yana kawo zafi, gem mai nauyi irin PUBG yana sa injin wayar aiki iya ƙarfinsa shi ma ga nasa zafin, ka haɗa biyun ga kuma kondon roba ya rufe bayan wayar ba inda iska za ta shiga. Kamfanin Apple ya ce zafin wuri in ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada. Sarƙewar da kake gani kuma wayar ce da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, tana hucewa za ta dawo daidai.

Kwana a caji ba shi ne babbar matsalar ba, wayoyin yanzu suna yanke wuta in sun cika. Abin da batir ba ya so shi ne daɗewa a 100 cikin zafi, musamman a ƙarƙashin filo, da kuma barin sa ya riƙa mutuwa har 0. In za ka iya ka riƙe shi tsakanin 20 da 80, yawancin sabbin wayoyi ma suna da wurin da za ka kunna a setin batir ya tsaya a 80 ko 85. Kuma ka sani ko ya ka lallaɓa shi zai tsufa, Apple ya ce batir ɗin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace shi an yi su ne su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan cikakken caji 500, wanda mai buga gem kullum ba ya daɗewa yake cinye su. Canza batir ya fi sayen sabuwar waya sauƙi nesa ba kusa ba. Amma in ka ga bayan wayar ya kumbura ko gilashin ya fara ɗagowa, ka daina cajinta nan take ka kai wa mai gyara, kada ka danna kada ka huda, wuta yake kamawa.

Fawa bank ɗinka kuwa lafiyarsa ƙalau. Lambar 20,000 ɗin an auna ta ne a kan ƙarfin batir ɗin ciki mai bolt 3.7, kafin wutar ta fita sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko fiye, wayar kuma ta sake sauke ta, a wannan hawa da saukar kusan kashi ɗaya cikin uku yake tafiya a zafi. Sau uku ɗin da kake samu ma alama ce ka dace da mai kyau.

TAMBAYA: Malam hannun na'urar gem ɗina ta PS4 ya fara abin mamaki, ko ban taɓa shi ba sai in ga ɗan wasa yana tafiya hagu shi kaɗai. In jefar in sayi sabo?
Daga mai son ƙwallo

AMSA: Kada ka jefar ɗan'uwa. A ƙarƙashin sandar da kake juyawa da babban yatsa akwai wasu 'yan ƙananan na'urori da suke gogar juna don auna inda ka karkata, yau da gobe suna cinyewa, ƙura da gumi kuma su shiga, sai hannun ya riƙa aika saƙon motsi alhali ba ka motsa ba. Matsalar ba ta PS4 kaɗai ba ce, masu PS5 da Xbox da Nintendo Switch duk suna kuka da ita. Ka fara kashe shi ka karkatar da sandar gefe ka goge kewayenta da auduga da ɗan sifirit, ka juya ta sosai ka bari ya bushe. In bai daina ba, gem da yawa suna da wuri a setin da za ka faɗaɗa da'irar tsakiya wadda ba ta jin ƙaramin motsi, wannan zai ɗan ja maka lokaci. In abin ya yi nisa mai gyara zai iya cire sandar gaba ɗaya ya liƙa sabuwa, kuma ka tambaye shi ko yana da irin mai maganaɗisu, ita ba gogayya a cikinta shi ya sa take daɗewa.