Amsar Baffa kan cokula da hannun hagu a teburin Turawa

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso. Ka ce an gayyace ka liyafar cin abincin dare a jami'arku a Ingila, kuma abu biyu ke damunka: tarin cokulan da ake jerawa, da kai loma baki da hagu alhali mu da dama muke ci.

Bari in fara da na hagun, don shi ya fi nauyi. Su kansu Turawan bakinsu bai zo ɗaya ba. A Ingila da Faransa da Jamus wuƙa tana dama, cokali mai yatsu yana hagu, yatsunsa na kallon ƙasa, kuma da hagun ake ci. Ba'amurke kuwa yakan yanki loma ɗaya ko biyu, ya kwantar da wuƙa a bakin faranti, ya mayar da cokalin dama ya ci. To, faɗuwa ta zo daidai da zama. Yi irin na Amurkawan, ba mai ce maka uffan. In sauye-sauyen ya gundure ka, riƙe wuƙar da hagu tun farko, cokali a dama. Sai dai kada ka yayyanka naman duka a lokaci guda. Yara ake yi wa haka, kuma nan da nan yake hucewa.

Jerin cokulan ba wani abin tsoro ba ne. Kowane zagaye na abinci da nasa, sai ka fara da na can waje kana matsowa wajen faranti. Waɗanda aka gitta a saman faranti na kayan zaƙi ne, sai a ƙarshe. Inda aka fi yin ɓaranɓarama shi ne burodi da kofin sha: ƙaramin farantin burodi na hagunka shi ne naka, kofuna kuma na damanka. Mutum ɗaya ya ɗauki na maƙwabcinsa, duk layin ya rikice. Burodin da hannu ake gutsura, a shafa bota a kan gutsuren da za a ci kaɗai.

Ƙyallen goge baki a cinya yake zama da zarar ka zauna. Kada ka taɓa abinci sai an zuba wa kowa, mai masauki ya fara. Yi bismillarka a hankali.

Ka san cewa masu hidima cokulanka suke kallo, ba bakinka ba. In hutawa kake, ware wuƙa da cokali a cikin faranti, kawunansu na fuskantar juna. In ka ƙoshi, haɗa su gefe da gefe, a Ingila ƙotocinsu na kallon cikinka. Wanda ya haɗa su yana tsakiyar hira, sai ya waiwayo ya ga an ɗauke farantin da rabin naman. Cokalin da ya riga ya taɓa abinci kuma ba ya komawa kan shimfiɗar tebur.

Romo da gefen cokali ake kurɓa, ba zuƙa, ba hurawa. A Japan zuƙar taliya da ƙara ba laifi ba ne, amma a teburin Ingila abin kunya ne, haka ma gyatsa. Gwiwar hannu ba ta hawa tebur ana cin abinci. In ka tsallaka Faransa, hannuwanka su kasance a bayyane a bakin tebur, kada ka ɓoye su a cinya.

Giya da naman alade, kada ka jira sai an ajiye a gabanka. Takardar gayyata yawanci tana tambayar abin da ba ka ci, ka rubuta tun da wuri. Tambayi abin da ke cikin miya da kayan zaƙi, don sukan dafa da giya, kuma sinadarin jelatin da ke daskarar da wasu kayan zaƙin sau da yawa daga alade ake samunsa. In an zo zuba giya, "a'a, na gode" ya wadatar, ba sai ka kife kofi ba. In an ɗaga kofuna don girmama wani, ɗaga naka na ruwa ko lemo.

Sakace kuwa, in nama ya maƙale, nemi izini ka zaga bayi. In an tashi, ajiye ƙyallen a hagun farantinka ba tare da ka ninke shi ba, washegari ka aika wa wanda ya gayyace ka saƙon godiya.

Goggonka tana gaishe ka. Allah ya ba da sa'ar karatu.