Amsar Kawu: Barka da Kirsimeti ko Barka da Hutu?

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya, sanyin hunturun ga ne ya hana ni taɓa waya sai yanzu da rana ta ɗaga. Ka ce a ofis ɗinku oga ya turo ma kowa "barka da hutu", sai wata abokiyar aikinku Kirista ta ji haushi wai mi ya hana a ambaci Kirsimeti da sunanta, kai kuma ka rasa wacce gaisuwa za ka yi mata.

To wanga rikici asalinsa ba namu ba ne, na Amurka ne, Facebook ya kwaso muna shi. Can a watan Disamba bukukuwa sun yi karo da juna, Kirista na da Kirsimeti ran 25, Yahudawa na da Hanuka, wasu baƙaƙen fata na yin Kwanza wadda anka ƙirƙiro a 1966, ga sabuwar shekara a gaba, shi ya sa manyan kantuna da ofisoshi sunka koma gaisuwa guda da za ta haɗe kowa don kada su kori mai saye. Wasu Kirista sunka ce a'a, ana son a goge Almasihu daga bikinsa ne, har Donald Trump ya hau maganar a kamfen ɗinsa na 2016. Ka ga siyasa da kasuwa ne sunka haɗu.

Mu nan Sakkwato mi za mu ɓoye? Gwamnatin tarayya da kanta ke ba da hutun 25 da 26 da sunan bikin, kamar yadda take ba da na Sallah da Mauludi. Kuma shi Bahaushe barka ai inda ya iske ka yake yi ma ita, barka da aiki, barka da rana, barka da shan ruwa, wanda ya tsira daga haɗari a ce barka da arziki. Lokacin da nake zama kusa da masu sayar da kayan mota, Inyamurai, da Disamba ta kama sai su rufe shago su cika tasha su nufi gida, waɗanda ba su tafi ba kuwa da 'yan Zuru maƙwabtanmu, Musulmi suke kira ya yanka musu kaji da akuya don mu iya cin shinkafar da za su aiko. Mu ma ranar layya mu aika musu da soye. Ban taɓa jin ɗayanmu ya tsaya auna kalma ba wallahi.

Amma ba zan rufe ka ba, malamai sun saɓa. Shehu Usaimin na Saudiyya ya hana taya Kirista murna don yana ganin kamar amincewa ne da aƙidar da ke cikin bikin, Shehu Ƙardawi da Darul Ifta, gidan fatawa na Masar, sun halatta in don kyautata maƙwabtaka ne, suna kafa hujja da aya ta 8 a Suratul Mumtahana. Duk wanda ka ga ya bi ɗaya yana da madogara, kada ka zage shi a waya.

Abin da ban so shi ne wayon ga na "barka da hutu", ita yarinyar ta san ba hutu take yi ba, coci ta kwana. In zuciyarka ta natsu ka ce mata barka da Kirsimeti kai tsaye. In ba ta natsu ba, ka jira ta dawo aiki ka ce an yi biki lahiya, ya mutanen gida, Allah ya kai mu baɗi, ni haka nake yi tun da daɗewa kuma ba wanda ya taɓa ɓata min rai.

Ka gaida mamanka, ka ce mata man zafin da ta aiko ya iso.