Tambaya da Amsa: Wane Fayil Shafi Zai Karɓa?

Tambaya: Malam, an ba ni aikin duba kod ɗin abokin aikina. Shafin rajistar ɗalibai ne, inda kowa zai ɗora hoton fasfo. Ya rubuta accept="image/*" a akwatin zaɓar fayil, ya ce ya rufe ƙofa. Shin hakan ya isa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ƙanina, bai isa ba, kada ka sa hannu tukuna. Aikin accept shi ne ya rage wa ɗalibi wahalar lalube, burauza ta fara nuna masa hotuna kawai. Amma a kwamfuta yana iya sauya tacewar zuwa dukkan fayiloli ya zaɓi abin da ya ga dama. Mai mugun nufi kuwa ba ya ma buɗe shafinku, da curl, wata manhajar aika saƙo ba tare da burauza ba, zai aika wa uwar garke, wato kwamfutar da ke karɓar fayilolin, kai tsaye.

In abokin naka ya ƙara dubawa da file.type, wato nau'in fayil da burauza ke faɗa, ka gwada wannan a gabansa: ɗauki takardar PDF, ka sauya mata suna zuwa hoto.jpg, ka ɗora. Za ta wuce, domin burauza wutsiyar suna take kallo, ba ta leƙa ciki. Na taɓa yin haka a wani aiki, mai kod ɗin ya yi shiru, ya ja kujera muka gyara tare. Ainihin shaidar tana cikin lambobin farko na cikin fayil: JPEG yana farawa da FF D8 FF, PNG da 89 50 4E 47, PDF kuma da %PDF. Uwar garke ce ya wajaba ta karanta waɗannan, ta duba girman fayil, ta ba shi sabon suna da kanta.

Abin da ya fi damuna shi ne tauraron nan na image/*. Yana barin SVG ya shige, shi kuwa SVG rubutu ne da zai iya ɗauke da JavaScript, wato kod ɗin da burauza ke aiwatarwa, a cikinsa. Ku jera abin da kuke so ƙarara, JPEG da PNG, shi ke nan.

Kada kuma ku manta da ɗalibin kansa. Tun 2017 iPhone ke ajiye hoto a tsarin HEIC maimakon JPEG, wasu kyamarori kuma suna rubuta .JPG da manyan haruffa. Yarinyar da ta kashe datarta tana ɗora hoto a layin kafe, in aka ƙi karɓa, a gaya mata dalili da irin wanda ake so, tun kafin fayil ɗin ya bar wayarta.