Tambaya da Amsa: Ta yaya farar hoda ke zama mayen ƙarfe?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibin fizik ne a nan Maraɗi. A aji an koya mana ƙarfe da kobal da nikel ne ke da maganaɗisu mai ƙarfi, sai kuma na karanta wai zinki oksid, farar hodar nan da ake sa wa a man shafawa, in aka shimfiɗa ta siririya sai ta nuna maganaɗisu, wai don tana da aibi a jikinta. Abin ya ɗaure min kai wallahi. Gaskiya ne? Daga ɗalibinku a unguwar Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara basira, tambayar nan ta yi min daɗi sosai.

Ka san kowane ilektiron kamar ɗan ƙaramin mayen ƙarfe ne. A cikin ƙarfe da yawansu suna fuskantar waje guda kamar sahun sallah, shi ya sa ƙarfinsu ke haɗuwa, amma in ka gasa shi ya wuce digiri 770 a ma'aunin Salsiyas sahun sai ya watse. A zinki oksid kuwa bibbiyu suke, wannan na soke wancan, ko ka kawo mayen ƙarfen lasifikar rediyo hodar ba za ta motsa ba.

To a 2000 Tomasz Dietl da abokan aikinsa suka yi lissafi cewa in aka zuba mata ɗan manganis za ta iya riƙe maganaɗisu a zafin ɗaki, a 2001 wasu a Japan suka ce sun gani a titaniyom oksid mai ɗan kobal. Wanda ya fi girgiza mutane shi ne na 2004, a Dublin ta ƙasar Ayilan, inda Michael Coey da mutanensa suka ce sun gani a hafniyom oksid wanda ba a zuba masa komai ba.

Nan aibin ya shigo. Ka ɗauki ƙwayoyin zarra na zinki da na oksijin da suka haɗu suka yi zinki oksid kamar 'ya'yan dara, kowa da raminsa a jere. Lokacin da ake shimfiɗa abin, galibi da hasken leza ake bugun dunƙulensa a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, turirin ya je ya kwanta kan wani faifai, kaurinsa gashin kanka ya ninka shi sau ɗaruruwa, to a wannan gaggawar ba kowane oksijin ke samun raminsa ba, sai a bar giɓi, kuma giɓin yakan riƙe ilektiron, in aka samu wanda ba shi da abokin soke shi, giɓin kuma ya yi yawa har maƙwabta suna jin juna, shi ne ake ganin za su iya yin sahu. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce a gwaje-gwaje da dama in aka gasa shimfiɗar cikin oksijin maganaɗisun yakan ragu, in aka gasa ta inda babu iska ya ƙaru. Wasu kuma na cewa giɓin zinki ne ke aikin ba na oksijin ba, har yanzu ana ja a kai.

Amma ga inda nake so ka buɗe ido. Ka tuna muna yara muna jan mayen ƙarfe da zare cikin rairayin Gulbi, ya fito da baƙin gari ya manne masa kamar gemu? Ƙurar ƙarfe ko'ina tana nan. Maganaɗisun shimfiɗar nan kaɗan ne ƙwarai, na'urar SQUID da ake aunawa da ita kuma komai ƙanƙantarsa tana ji, ba ruwanta da inda ya fito. A 2005 wasu masu bincike a Amurka suka nuna cewa ɗaukar faifan da matsefatar ƙarfe kawai ya isa ya bar ɓurɓushin da zai ba da irin wannan alamar, nasu hafniyom oksid da suka kiyaye bai nuna komai ba. Haka a waɗanda aka zuba wa kobal, wani lokaci kobal ɗin ne ke taruwa ƙulli-ƙulli a ciki. Ni a ganina giɓin yana da hannu a wasu samfuran, amma duk rahoton da bai faɗi yadda aka auna faifan shi kaɗai tun kafin a shimfiɗa komai ba, ba na saurin yarda da shi.

Abin da ya sa ake ta wahalar nan kuwa, ana son abu guda da zai yi lissafi kamar silikon na cikin kwamfuta ya kuma riƙe bayanai kamar maganaɗisu ko an ɗauke wuta. In Allah ya kai ka labo wata rana, ka nemi matsefatar roba, kuma ka fara auna faifan tukuna.